Tambaya da Amsa: Mamatsin Riƙe Sandar Huda Dutse Lokacin Washi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni maƙeri ne, ina zaune a Aboabo, rumfata kuma tana Magazin ta Suame, unguwar makanikai da maƙera, a nan Kumasi. Tun bara masu fasa dutse na wajen Buoho suke kawo mini sandunan jakhama, wato injin huda dutse, in wasa musu, irin masu haƙori guda ɗaya a baki na kabayid, ƙarfen nan mai tsananin tauri. Yadda nake yi shi ne, yarona ya riƙe gindin sandar, ni kuma in riƙe wuyanta in kara a dutsen garanda. To, ƙorafi ya fara yawa: wani ya ce haƙorin ya ɓantare tun bai gama rami biyu ba, wani ya ce sandar tana maƙalewa a cikin rami. Marigayi mahaifina, wanda ya yi aiki a mahaƙar zinariya ta Obuasi, ya sha ba mu labarin wata na'ura mai aiki da iska wadda take cafke sanda da kanta a gyara bakinta nan take. Ita ya kamata in nema, ko bayis ɗin da ke kan teburina ya isa, ko kuwa akwai abin da zan iya ƙerawa da hannuna?

Daga wani mai karatu, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kuma sa wa sana'a albarka. Amsar a taƙaice ita ce, kada ka ɓata ko sidi (kuɗin Gana) ɗaya wajen neman waccan na'ura, bayis ɗinka kuma bai isa ba a yadda yake, amma mamatsin da kake bukata bai fi ƙarfin maƙerin Magazin ba. Ƙorafe-ƙorafen nan biyu da ka ambata duk suna da alaƙa da abu ɗaya, wato sandar ba ta tsayawa cik a gaban dutsen washi, kuma hannun mutum, komai ƙwarewarsa, ba ya iya maimaita kusurwa ɗaya sau biyu ba tare da ya kauce ba.

Mu fara da na'urar mahaifinka, domin labarinsa gaskiya ne, kuma sanin yadda take aiki zai nuna maka dalilin da ya sa zamaninta ya wuce. A da, sandar huda dutse ƙarfe ne zalla daga gindi har baki, babu wani haƙori da aka liƙa mata, saboda haka idan ta dakushe sai a mayar da ita wuta a sake ƙera bakin. Kamfanin haƙar zinariya na Obuasi an kafa shi ne a 1897, kuma a wannan shekara ce John George Leyner, mutumin Colorado ta ƙasar Amurka, ya fito da injin huda mai amfani da sanda mai rami a tsakiya, wanda daga baya aka riƙa tura ruwa ta cikinsa don kashe ƙura. Babbar mahaƙa takan dakusar da sanduna masu ɗimbin yawa a kowace rana, har guduma da uwar maƙera suka kasa biyan bukata, shi ya sa aka ƙera injinan gyaran baki masu aiki da matsattsiyar iska. Na Leyner ya yi suna, musamman bayan da kamfanin Ingersoll-Rand ya karɓi harkarsa a 1912, haka ma kamfanin Holman na garin Camborne a Ingila ya ƙera irinsu.

Zuciyar wannan na'ura mamatsi ne. Akwai muƙamuƙi biyu na ƙarfe mai tauri, na ƙasa a kafe, na sama kuma babban fistan ne yake sauko da shi. Sai a ɗauko sanda daga wuta bakinta ya yi jajir, zafinsa ya kai wajen digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyas, a ɗora a muƙamuƙin ƙasa, mai aiki ya ja hannu, na sama ya sauko ya danne. Daga nan wata guduma ta iska da ke kwance take buga wani dunƙulen ƙarfe da aka sassaƙa siffar bakin a fuskarsa, ƙarfe mai zafi ya baje ya cika ramin muƙamuƙan, fikafikan bakin su fito daidai. Idan kana son ka san ƙarfin riƙon, yi wannan lissafi: fistan mai faɗin santimita 30, idan iska mai ƙarfin "bar" 6 (ma'aunin matsin iska) ta tura shi, yana danna abin da ya haura tan 4. Ba don wannan riƙo ba, da bugun farko zai tura sandar baya. Bayan an gama sai a sake buɗe ramin ruwa da tsinke, a sake ɗumama bakin kaɗai har ya kai wajen digiri 780 zuwa 800, inda maganaɗisu yake daina kama ƙarfe, sannan a tsoma a ruwa ya yi tauri.

Sandunan da ake kawo maka ba su san wannan hanya ba. An ƙirƙiro tungstan kabayid mai haɗin kobalt a Jamus a 1923, kuma a shekarun 1940 kamfanonin Suwidin, wato Sandvik da Atlas, suka yaɗa sanda mai haƙorinsa tare da ƙaramin injin huda, abin da ya rufe rumfunan ƙira na manyan mahaƙai ɗaya bayan ɗaya. Haƙorin nan da ruwan tagulla ko makamancinsa aka liƙa shi a cikin tsagar bakin sanda. Idan ka sa shi a wutar zuga-zugi, liƙin zai saki ko haƙorin ya tsage, idan kuma guduma ta same shi, ya tarwatse. Maganinsa dutsen washi ne kawai, kuma riƙon da aikin yake so ba na tan huɗu ba ne, riƙo ne na daidaito.

Ga abin da ake nema a bakin sanda mai haƙori ɗaya. Fuskokin haƙorin biyu su haɗu a kusurwar digiri 110, wato kowace fuska ta karkata digiri 55 daga tsakiyar sandar. Kaifin kuma ba miƙaƙƙe ba ne daga gefe zuwa gefe, yana da ɗan doro, lanƙwasar da'irar da tazarar tsakiyarta zuwa bakinta milimita 80 ce. Sannan dole kaifin ya ratsa ta tsakiyar sandar sak. Idan kusurwar ta yi ƙasa da 110, bakin zai yi kyau a ido, mai shi ma zai yaba maka, amma kabayid yana da tauri ba shi da jimirin lanƙwasa, kuma dutsen Buoho giranit ne mai ƙunshe da ƙanƙarar dutse, sai ka ga kaifin ya ɓantare tun a ramin farko ko na biyu. Idan kusurwar ta wuce 110 da yawa, sandar ba za ta ci dutse ba, sai dai ta yi ta dakansa, bugun ya riƙa komawa cikin injin da kafaɗar mai riƙe da shi. Idan kuma aka ci fuska ɗaya fiye da ɗaya, kaifin ya bar tsakiya, ramin zai karkace, sandar ta riƙa lanƙwasa a kowane juyi har ta karye. Yanzu ka auna yadda kake aiki. Sanda mai kaurin milimita 22 tana da nauyin kilo 3 a kowace mita, saboda haka mai tsawon mita 2.4 ta haura kilo 7, kuma yaronka yana can ƙarshenta yana numfashi, yana gyara tsayuwa. Duk motsin da hannunsa ya yi sama ko ƙasa, a bakin haƙorin yake sauka.

Maƙalewa kuwa tana da nata dalili, wanda masu washi da yawa ba sa lura da shi domin fuskar haƙori kaɗai suke kallo. Dutse mai gurza yana cinye kafaɗun haƙorin daga gefe, har gaban bakin ya fi bayansa siranta, sai sandar ta riƙa cusa kanta cikin ramin da bai kai faɗinta ba. Masu ƙera sandunan sun ce idan wannan zaizayar ta kai tsawon milimita 8 daga kaifi zuwa baya, dole a wasa gefen, a mayar da shi yadda gaba ya fi faɗi baya ya ɗan shige. Wannan aiki ba ya yiwuwa da kyau sai sandar tana juyawa a kan layi ɗaya a gaban dutsen, abin da hannu biyu na mutum biyu ba za su ba ka ba.

Sai batun bayis. Ba zan ce ka jefar da shi ba, amma yana da aibi guda da ya fi duk amfaninsa idan ba a magance shi ba, wato haƙoran da ke muƙamuƙansa. Jakhama tana bugun gindin sanda fiye da sau 2,000 a minti ɗaya, kowane bugu yana ratsa ƙarfen daga gindi zuwa baki ya dawo. Duk inda aka yi wa jikin sandar tabo, ko da ɗan cizon bayis ne, nan ƙarfin yake taruwa, tsaga ta fara daga wurin ba a gani, ranar da ta ƙarasa sai sandar ta rabu biyu a cikin rami, a ɗora wa kamfani laifin ƙarfe marar kyau. Saboda wannan dalili ne kuma ba a yin walda a jikin sanda, ba a kuma buga mata lambar mai ita da kurfi, ko da kuwa shi ya roƙa. Fenti ya wadatar. Idan dole ka yi amfani da bayis, ka lulluɓe muƙamuƙansa da farantin tagulla ko alminiyam, ka tallafi gindin sandar da wani abu, ka kawo garandar hannu wurinta. Da haka ka kashe girgiza, amma kusurwa tana nan a hannunka, saboda haka ka mallaki ma'aunin faranti mai digiri 110 da lanƙwasar 80, ka riƙa karawa a kai a kai. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar fita kunya a bakin rami, ba hanyar mai rumfa ba.

Mamatsin da za ka ƙera ya kamata ya bi siffar sandar. Jikinta gefe shida ne, kuma kowane gefe biyu da ke maƙwabtaka sun haɗu a digiri 120. Ka sa mai injin yankan ƙarfe ya fafe maka muƙamuƙi biyu, kowanne da kwari mai siffar harafin V a digiri 120, na sama da na ƙasa, ta yadda sandar za ta kwanta a ciki fuskoki huɗu suna manne, ba a kan tsini take ba. Tsawon kowane muƙamuƙi ya kai kamar faɗin tafin hannu, domin gajeren riƙo yana barin sanda ta yi lilo, kuma a shimfiɗa masa tagulla a ciki. Wannan kwari yana da wata fa'ida: ko sandar milimita 22 ce ko 19, tsakiyarta tana faɗawa a kan layi ɗaya daga hagu zuwa dama. A kafa mamatsin kusa da bakin, abin da zai leƙo bai wuce yatsu uku ko huɗu ba. Can baya kuma a kafa wata ƙafa mai kan V wadda ake iya ɗagawa da saukewa, ta ɗauke wa yaronka nauyin gindin, shi kuma ya koma kula da ruwa.

Abin da zai danne muƙamuƙin sama yana iya zama sukuru, ko hannu mai dunƙulen da yake matsewa idan an kwantar da shi. Na biyun ya fi sauri, motsi ɗaya ya kulle, kuma shi ake yawan gani a injinan washi na kamfani, sai dai idan na gida ne yakan zaizaye, girgiza ta riƙa kwance shi a tsakiyar aiki, kuma ba ya yarda da sandar da kaurinta ya ɗan bambanta. Ga mai wasa sanduna goma ko ashirin a yini, sukuru na fi so. Wanda ke cikin tsohon jak na mota, mai zare mai kauri, ya fi noti da ƙusa na kasuwa nesa ba kusa ba, kuma ba sai na gaya wa mutumin Magazin inda zai samo shi ba. Kada dai a matse da bututun ƙarin hannu. Ƙarfin tafi ɗaya ya isa.

Akwai abubuwa biyu da suka raba mamatsin washi da mamatsin riƙo kawai, kuma a nan ne ya kamata ka zuba basirarka. Na farko, muƙamuƙan su zauna a cikin wani bututu da yake juyawa a mazauninsa, mai fil ɗin tsayarwa a wurare biyu da suke fuskantar juna daidai. Ka wasa fuska ɗaya, ka zare fil, ka juya rabin da'ira, ka mayar da fil, fuska ta biyu ta zo daidai inda ta farko ta tsaya ba tare da ka kwance sandar ba. Ka lura cewa ba kullum haƙori yake daidai da gefen sandar ba, saboda haka da haƙorin za ka yi saiti kafin ka kulle, ba da jikin ƙarfen ba. Na biyu, dukan mazaunin ya hau kan faranti mai lilo hagu da dama a kan ƙusa ɗaya, wadda take milimita 80 a bayan kaifin, domin wannan lilon ne zai fitar da doron da aka ambata. Sai kuma wani ɗan ƙarfen tsayarwa da za ka riƙa kara bakin sanda a jikinsa kafin ka matse, don kowace sanda ta leƙo da tsawo ɗaya. Karkatar digiri 55 kuwa sau ɗaya za a saita ta tsakanin farantin da fuskar dutsen, a ɗaure, a bar ta. Duka a kafe su da dutsen a kan ƙarfe ɗaya mai nauyi, ba kan teburin katako mai rawa ba.

Mamatsi mai kyau ba zai ceci dutsen da bai dace ba. Faifan garanda na yau da kullum, wanda ake gyara walda da shi, ba ya cin kabayid, zafi kawai yake tara masa. Abin nema shi ne koren dutse na silikon kabayid, ko mai lu'ulu'u idan aljihu ya yarda. A kara a hankali, a riƙa liliyawa, kada a tsaya wuri ɗaya. Game da ruwa kuwa, a nan ne al'adar maƙera take cutar da su, domin hannu ya saba da tsoma abu mai zafi a bokiti. Kabayid mai zafi idan ya ji ruwa farat ɗaya yakan yi tsaga siriri waɗanda ido ba ya gani, ya fita daga rumfarka lafiya lau, ya je ya farfashe a dutse, kuma ina kyautata zaton wani kaso na ɓantarewar da ake kawo maka daga nan yake. Ko dai ruwa ya riƙa zuba ba yankewa tun daga farko har ƙarshe, ko a wasa a bushe a bar shi ya huce da kansa. Ruwan ya fi, domin yana kwantar da ƙurar kobalt da ta dutsen, waɗanda suke lalata huhu a hankali. Kada kuma ka kore duk alamar dakushewa har kafaɗu, domin haƙori kake ci a banza. Idan kimanin kashi uku cikin biyar na tsakiyar kaifin ya sabunta, ya isa, sannan ka ɗan dakusar da kaifin da kusurwoyin da guntun tsohon dutse. Tabarau da murfin dutse ba abin sakaci ba ne, kuma kafin ka ɗaura sabon dutse ka ƙwanƙwasa shi da kan katako: mai lafiya yana amo, mai tsaga yana yin bif.

TAMBAYA: Ina da kwampreso biyu da jakhama da nake bayarwa haya ga masu fasa dutse, ni ce kuma nake sayen sanduna. Yarana ba sa kai sanda washi sai ta daina ci gaba ɗaya, suna cewa yawan washi yana cinye haƙori. Suna da gaskiya? Kuma kawunan nan masu ƙwayoyi da ake cusawa a bakin sanda, su ma ana wasa su?

Daga wata mai karatu, Asawase, Kumasi

AMSA: Hajiya, barka da ƙoƙari. Yaranki ba su da gaskiya, kuma kuɗinki ne yake tafiya. Ƙa'idar ita ce a duba shafaffen wurin da ya bayyana a kan kaifi, a auna shi milimita 5 daga gefen haƙori. Da zarar faɗinsa ya kai milimita 3, lokacin washi ya yi. A wannan mataki ɗan kaɗan za a ci a dawo da bakin. Idan aka bari ya ninka haka, sai an cinye kabayid mai yawa kafin kaifi ya fito, ga man dizal da kwampreso ya ƙona yana tura iska ga sandar da ba ta shiga, ga kuma wahalar da fistan da gindin sanda suka sha. Ki saya wa kowace tawaga ma'aunin faranti, ki kuma ba su sanduna fiye da ɗaya a kowane tsawo, domin wanda ba shi da ta canji ba zai taɓa cire wadda ke hannunsa ba.

Ki kuma sa ido a kan jerin faɗi. Ana ƙera sandunan nan ne jeri-jeri, kowace mai tsawo ta gaza wadda ta gabace ta da milimita 1, misali mai santimita 80 bakinta 40, mai mita 1.6 bakinta 39, mai mita 2.4 bakinta 38, domin kowace ta shige ramin da ta farko ta bari. Idan an wasa gefen gajerar har ta koma 38, sannan aka biyo ta da sabuwa mai 39, dole ta cije. Mai washi ya auna faɗin kowace bayan ya gama, a haɗa su jeri, a shafa musu fenti launi ɗaya.

Kawuna masu ƙwayoyi su ma ana wasa su, idan shafaffen saman ƙwaya ya kai sulusin faɗinta. Amma ba a kara su a koren dutse kamar masu haƙori ɗaya. Da ɗan ƙoƙon lu'ulu'u mai girman ƙwayar ake yi, yana juyawa ruwa na zuba, kuma a nan mamatsin yana riƙe kan ne, ba sandar ba. Yakan zama ɗan teburi mai karkata, wanda ake jingina shi har ƙwayar da ake so ta miƙe sak a ƙarƙashin ƙoƙon, tun da na gefe a karkace aka dasa su. Ga ƙananan kawuna masu araha, ki kwatanta ladan washi da kuɗin sabo kafin ki yanke shawara. Wurin cire kai daga sanda kuma ki hana yara dukan ƙwayoyin da guduma, akwai ƙarfen cirewa da aka yi don haka, sannan a tabbata kusurwar cusawar ta dace, domin akwai mai digiri 7, da 11, da 12, kuma kan wannan ba ya zama a sandar wancan.